Yadda ake ɗaure notin shaf na mota a gida

Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Wudil ya san Golf 3, motar Jamus da ta fara fitowa a 1991 amma har yau take jidar fasinja da kaya, musamman ranar Juma'a idan kasuwar shanu ta ci. Jefi-jefi kuma akan ga 'yan uwanta na tsere, GTI ko VR6, a hannun matasa masu son gudu. Dukkansu, da Corolla da Civic da Peugeot 406, da ƙafar gaba suke ja, kuma a tsakiyar kowace ƙafar gaba akwai babban noti guda ɗaya a bakin shaf. Shi ke matse hob da boris wuri guda. Idan ya yi sako-sako, boris zai riƙa wasa har ya fara gurnani. Idan aka wuce kima wajen ɗauri, zaren shaf ya ci, ko boris ya mutu tun bai tsufa ba. Yawancin masu gyara a gida a wajen wuce kimar nan suke ɓata aiki: a zura fayif a sifana, ƙato ya hau ya yi ta tsalle, a ce ya ɗauru.

Kafin ka taɓa komai, nemi adadin ɗaurin motarka, wanda ake aunawa da Newton-mita. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana son 216. Civic ta shekarun 1990 tana son 181. Ta 406 ta haura 300. Golf 3 mai notin taya huɗu 265 ce, amma GTI da VR6 masu notin taya biyar tsarinsu daban: a ɗaure zuwa 90 kawai, sannan a ƙara juyi na digiri 45, wato kashi ɗaya cikin takwas na zagaye. Jiki ɗaya, suna ɗaya, ɗauri daban. Littafin motarka shi ne alƙali, domin ko a gida ɗaya adadin yakan canza daga shekara zuwa shekara.

Wannan bayani na ƙafar gaba ne. Notin ƙafar bayan Golf 3 ba a matse shi da ƙarfi ko kaɗan, don boris ɗinta wani iri ne da ake saitawa da sauƙin hannu. Wanda ya ba shi 265 zai ƙona shi kafin ya kai gadar Wudil.

Kayan aiki: soket daidai kan notin, milimita 30 ga Golf 3 da Corolla, 32 ga Civic, kuma na Corolla mai kusurwa 12 ne. Sai doguwar sanda mai ƙwari, jak, guduma, kurfi, burushin waya da waigi biyu. Sai sabon noti. Kada ka yi rowa a nan. Tsohon an riga an lotsa bakinsa ko makullinsa ya saki, kuma kuɗin sabo a kasuwar Ƙofar Ruwa bai kai rabin na boris ba. Je da tsohon a hannu a gwada maka. Idan za ka samu aron sifanar awo, mai yin ƙas idan ta kai adadin da aka saita, to madalla. Duba dai ta kai adadin motarka, domin ƙananan ba sa kaiwa nan.

Ba kowace ƙofar gida ke da daɓen siminti ba, jak kuwa nutsewa yake yi a rairayi. Zaɓi wuri mai tauri da ba gangare, ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa. Ja birkin hannu, sa waigi gaba da bayan tayar baya.

Mota tana ƙasa ake sassauta notin. Cire murfin tsakiyar wili. Idan notin mai fil ne, miƙe fil ɗin ka zare. Idan mai lotsattsen baki ne, sa siririn kurfi a cikin tsagar shaf ka ɗaga lotsawar gaba ɗaya, don idan ka bar saura, ita za ta kankare zaren yayin fita, aikin noti ya koma sayen shaf. Sa wani ya taka birki da ƙarfi. Kada ka dogara da giya ta riƙe maka, nauyin a kan haƙoran giyabos zai sauka. Da zarar notin ya motsa, tsaya, ɗaga motar, tokare ta da ƙarfen tokara ko gungumen katako, sannan ka ƙarasa cirewa. Motar da notinta ke kwance ba a tura ta ko taku ɗaya, domin nauyinta zai buɗa boris.

Goge zaren shaf da burushi har ƙura da tsatsa su fita. Kada ka shafa giris sai littafin ya ce a shafa: zare mai santsi yana sa noti ya matse fiye da abin da sifana ta nuna. Idan akwai washa, mai da ita. Ɗaura sabon notin da yatsu tukuna, idan ya cije tun farko, fitar da shi ka sake, ya hau a karkace ne. Matse shi daidai gwargwado ana taka birki har shaf ya zauna, mai da taya, sauke motar.

Yanzu ɗaurin ƙarshe. Da sifanar awo, saita adadin, ja a hankali ba fizga, ka tsaya a ƙas na farko. Idan babu ita, nauyin jikinka ma awo ne. Kilo ɗaya da ya danna sanda a nisan mita ɗaya daga noti yana ba da Newton-mita 9.8. Mutum mai kilo 70 da ya tsaya a santimita 32 zai ba da kusan 220, ga Corolla ke nan. A santimita 39 kuma kusan 265. Hau sikeli ka san nauyinka na gaskiya, auna nisan daga tsakiyar soket, yi alama da alli. Sandar ta kwanta a miƙe daidai da ƙasa, ka ɗora ƙafa ɗaya a kan alamar, ka saki nauyinka a hankali kana taɓa mota don kada ka faɗi, ba don ta ɗauke maka nauyi ba. Idan sandar ta sunkuya, sake saita soket ta dawo daidai, ka maimaita har ta daina motsi. Ban da tsalle, tsalle ɗaya na iya ninka ƙarfin. Wannan dabara ba ta kai sifanar awo ba, amma ta fi kintace nesa ba kusa ba. Ga mai GTI ko VR6, bayan 90 ɗin, ja layi da alli a kan soket, yi wata alama a wili a nisan kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka juya har su haɗu.

Sai kulle. Lotsa bakin notin cikin tsagar shaf da kurfi mai dakusasshen baki, ya shiga sosai amma kada ya tsage. Mai fil kuma a sa masa sabo a tanƙwara ƙafafunsa. Idan ramin bai daidaita ba, juya hular makullin da ke kan notin. Kada ka sassauta notin don neman rami. Na Golf 3 da kansa yake kullewa.

Ɗaure notin taya ɗaya nan ɗaya tsallake, 103 ga Corolla, 110 ga Golf 3. Fita titi ka yi 'yan kilomitoci da gilashi a sauke kana saurare, sannan ka kusantar da bayan hannu ga tsakiyar wilin hagu da na dama. Idan ɗaya ya fi zafi sosai, ko gurnanin yana nan, ɗaga motar ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa alhali notin ya kai adadinsa, boris ɗin ya riga ya tafi, ƙarin ɗauri ba zai dawo da shi ba. Cire shi sai da injin matsa, don haka kwance hob ɗin ka kai wa bakanike a Wudil, ka kuma sayo wani sabon notin, domin wanda ka lotsa ya gama aikinsa.