Kowa na shan miyar kuka, wa ke shuka ta?

Sana'ata renon itatuwa ce a nan Miri, gefen hanyar Jos. Mangwaro da gwaba da lemo ba sa kwana a hannuna, amma sai damina ta wuce ba wanda ya tambaye ni dashen kuka. Ku duba gonakin da ke kewaye da Bauchi: kukokin duk tsofaffi ne, waɗanda muka gada, kuma kowace shekara ana sassabe musu rassa saboda ganye. Ƙananan da za su gaje su fa? Akuya ta cinye, ko fartanya ta sare.

Da yawa suna cewa kuka ba ta shukuwa, Allah ne ke fito da ita. Ƙwallon ne ke da taurin ɓawo, ruwa ba ya ratsa shi. Idan ka binne shi haka nan, yana iya yin watanni bai motsa ba. Ga yadda nake yi: in fasa 'ya'yan da suka bushe a kan uwa, in wanke garin tas, in goga gefen kowane ƙwallo a kan dutse har launin ciki ya ɗan leƙo, sannan in jiƙa su kwana ɗaya. Wanda ya kumbura shi ne ya shirya. Wasu kan zuba musu ruwan zafi su bar su su huce a ciki, wannan ma yana yi. Ramin kada ya wuce gaɓar yatsa, kuma cikin mako biyu zuwa uku za ka ga tsiro.

Inda aka fi yin asara shi ne ban-ruwa, ni ma a nan na fara faɗuwa. Shekarar da na soma, na ɗauke su kamar mangwaro, safe da yamma ina shayarwa, saiwoyin suka ruɓe a cikin leda. Kuka rumbun ruwa ce. Tun tana ƙarama saiwarta ke kumbura kamar rogo, tana ajiyar abin da za ta ci rani da shi. Don haka ƙasarta ta zama mai yashi sosai da ɗan taki, a huda gindin leda, kada a sake ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe. Ledar ma ta zama doguwa, don saiwar ƙasa take yi.

Abu biyu ke sa a kashe ta bisa kuskure. Ganyen farko guda-guda yake fitowa, ba mai yatsu biyar da muka sani ba, sai a ɗauka ciyawa ce. Da hunturu kuma takan zubar da ganye ta koma kamar sanda, mai ita ya ce ta mutu ya tuge. Tana nan da ranta, hutu take yi. Ni nakan shuka a watan Afrilu, in dasa idan damina ta zauna a Yuni, in kewaye da ƙaya.

Na san ana tsoron kuka a cikin gida, ana cewa mazaunin iskoki ce, wasu kuma girmanta ke ba su tsoro. To, ba dole sai ta zama bishiya ba. A ƙasar Mali masu lambu na shuka ta layi-layi kamar alayyafo, suna tsinkar ɗanyen ganye tun tana 'yan watanni, ba sa bari ta wuce tsayin mutum. 'Ya'ya ne ke son haƙuri, sukan kai shekara goma ko fiye. Kuma suna da kasuwa, don tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci, wannan dai garin da ake damawa a nono.

Duk wanda ke da tsohuwar kuka mai daɗin ganye a gonarsa, ya tsinko 'ya'yanta da ranin nan ya ajiye a inda ba laima, kafin Afrilu ta zo.