DARASI: KULA DA INJIN BAN RUWA

Ƴan'uwa manoman rani na Gidan Rumji, Tsibiri, Agiye da Gazawa, idan injin ban ruwa ya tsaya kwana uku, tumatir da albasa sai su bushe, wahalar rani ta tafi a banza. Galibi abin da ke kashe inji sakaci ne. Ku kiyaye abubuwa huɗu.

1. Baƙin mai: a duba shi kullum kafin a tada inji. Sabon inji a juye masa mai bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma duk awa 100.

2. Ƙura: ƙurar hunturu na toshe matatar iska, ta cinye cikin inji. A wanke soson, ya bushe, sannan a mayar.

3. Fetur: wanda aka saya a kwalba a tace shi da kyalle mai tsabta. Ruwa ko yashi na toshe karbireto.

4. Ruwa: kada a tada famfo babu ruwa a cikinsa, domin robar da ke hana yoyo za ta ƙone.

Idan ya ƙi tashi, a fara duba buji kafin a kira makanike. Rigakafi ya fi magani.

Tambaya: yaushe ka juye man injinka?