Darasi: Icce da Iska a Cikin Murhu

Masu karatu, ga tambaya kafin mu shiga darasi: mene ne hayaƙi? Na taɓa yin wannan tambaya a wani ajin mata na Damana, sai wata dattijuwa ta ce, "Malam, ai numfashin wuta ne." Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba. Hayaƙi icce ne da bai ƙone ba. Idan icce ya ɗauki zafi, yakan fitar da wani tururi mai kamawa, shi ne ke zama harshen wuta idan ya sami iska isasshiya. Idan iskar ta kasa, sai tururin ya tashi a banza. Macen da ta yi tafiya mai nisa ta saro sabara da geza, ga shi nan wani ɓangare na wahalarta yana bin jinka.

A Turai akwai murhun ɗumama ɗaki wanda ke cin ƙananan curin garin katako, kaurinsu milimita 6. Abu biyu mai gida ke daidaitawa a jikinsa: yawan curin da ke zuba cikin wuta, da ƙarfin fankar da ke hura iska. In curi ya fi iska yawa, wuta ta yi duhu, gilashin murhun ya yi baƙi. In iska ta fi yawa, wuta ta gajarce har ta mutu. Murhunmu ba ya da lantarki, amma abubuwan nan biyu muna da su. Na farko hannun mai dafuwa ne, na biyu ƙofar murhu.

Tun shekarun 1980 ake yaɗa ingantaccen murhu a Nijar: Mai Sauƙi na ƙarfe, da Albarka na laka. Sau da yawa nakan ji ana cewa, "Na Albarka ma hayaƙi yake yi." In na leƙa, sai in tarar an cusa icce har ƙofa ta toshe. To, iska ta ina za ta shiga? Sanda biyu ko uku da aka faskara sun isa. A giciya kawunansu, a bar sarari tsakaninsu, a riƙa turawa kaɗan-kaɗan yadda bakin iccen kawai ke ci. Kafin a hura wuta a kwashe tokar jiya, domin toka na toshe iskar da ke bi ta ƙarƙashin icce. Tsakanin tukunya da bangon murhu kuwa a bar kamar kaurin yatsa. In ratar ta yi kaɗan, wuta ta shaƙe. In ta yi yawa, zafi ya tsere bai taɓa tukunya ba.

Iska ma tana iya yin yawa. A lokacin hunturu, idan tana kaɗawa da ƙarfi, takan kwantar da harshen wuta gefe guda, icce na ƙarewa ruwa bai tafasa ba. A kafa zana nesa kaɗan ta rage mata ƙarfi, kada dai a kusa inda tartsatsi zai kai.

Ɗanyen icce kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta sai ta busar da shi kafin ta ci. Saboda haka a tanadi na damina tun rani, a ɗora shi bisa duwatsu a ƙarƙashin rumfa. Karan hatsi yana saurin ci, ya dace da tayar da wuta. Kashin shanu kuwa, a ganina gona ta fi murhu buƙatarsa.

Idan ruwa ya tafasa, a janye sanda ɗaya. Ruwan da ke tafasa ba ya wuce digiri 100 ko da an ƙara icce goma. Wake zai nuna da ƙaramar wuta da murfi.

Maganar ba ta tsaya ga tattalin icce ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, cikinsu har da yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara biyar ba. Goyon da ke baya yana shaƙar abin da uwarsa ke shaƙa, ga huhunsa ƙarami. Wannan yana cikin abubuwan da ke jawo wa yara ciwon huhu.

Mafi haɗari shi ne kaskon gawayi a ɗaki rufe cikin sanyin Disamba da Janairu. Gawayin da ke ci inda iska ba ta shiga yana fitar da guba marar launi, marar wari. Alamunta ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Mai barci yana iya wucewa bai farka ba. A fitar da kaskon kafin a kwanta. Wanda alamun suka kama, a fito da shi sarari nan take, a kai shi likita mafi kusa ko ta Filinge.

Aikin wannan mako: kowace ɗaliba ta ƙirga sandunan da ta ƙona wajen tuwon dare, ta rubuta adadin a littafinta. Kashegari ta dafa tuwo daidai da na jiya bisa wannan tsari, ta sake rubutawa. A zo da lambobin biyu aji, da su za mu yi lissafin ɗebewa.