Lafiyar Ma'aikata a Gonakin Kwakwar Manja na Malesiya

Asalin kwakwar manja daga Afirka ta Yamma take, amma a yau Malesiya ce ta biyu a duniya wajen samar da manja, bayan Indonesiya. An kafa gonar kasuwanci ta farko a shekarar 1917 a jihar Selangor, wadda ta kewaye birnin Kuala Lumpur. Galibin leburorin waɗannan gonaki baƙi ne daga Indonesiya da Bangaladash da wasu ƙasashe.

Aikin yana da haɗari ƙwarai. Mai girbi yakan ɗaura lauje a kan doguwar sanda, ya yanko nonon kwakwa daga saman bishiya. Nono ɗaya yakan kai kilo 20, ga shi da ƙaya. In ya faɗo wa mutum, sai rauni ko karaya. Ban da wannan, akwai ciwon baya da saran maciji da tsananin zafi.

Masu feshi kuwa, yawancinsu mata ne. Sukan goya tankin maganin ciyawa tun safe, su yi ta zagaya gona. An yi shekara da shekaru ana amfani da wani magani mai suna paraquat, wanda yake ƙona fata, ya lalata farce, in kuma ya shiga ciki ya illata huhu da ƙoda. Gubarsa ba ta da makari. An ce a sa safar hannu da takunkumi da takalman roba, to amma saboda zafi da gumi ba kowa ke iya jure su ba.

A 1994 majalisar dokoki da ke Kuala Lumpur ta zartar da dokar kiyaye lafiyar ma'aikata, wadda ta ɗora wa mai gona alhakin kare su. A 2002 ƙungiyar Tenaganita, wadda Irene Fernandez ta jagoranta, ta fitar da rahoto kan halin da mata masu feshi suke ciki. A shekarar ne gwamnati ta ba da sanarwar hana paraquat. Sai masu gonaki suka yi ƙorafi cewa yana da araha, yana kuma aiki da sauri. A 2006 aka sassauta dokar. Ba a haramta shi ɗungurungum ba sai ranar 1 ga Janairu, 2020.

Manoman ƙasar Hausa ma suna feshi, sau da yawa ba safa ba takunkumi. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani, balle gubar da ba ta da makari.

Tambayoyi

1. Daga ina asalin kwakwar manja take?
2. Me ya sa wasu ba sa sa kayan kariya?
3. Shekara nawa ce tsakanin sanarwar farko da haramtawar ƙarshe?
4. Bayyana ma'anar "makari" da "ɗungurungum".