Kafasita ko Batir?

Tambaya: Malam, batiran solata sun mutu, an ce in sayi babbar kafasita a madadinsu. Mece ce shawararka?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Haƙiƙa kafasita tana da falala, domin takan cika nan take, ta jure caji sau dubu ɗaruruwa, shi ya sa tun 2006 wasu motocin safa na birnin Shanghai masu aiki da ita suke shan wuta a tasha su kai ta gaba. Amma illarta, abin da take riƙewa bai kai ushirin na batirin litiyam mai nauyinta ba, ga shi tana tsiyayewa ko ba a taɓa ta ba, alhali kai wutar dare sukutum kake bukata. Saboda haka ka sayi batir, ka ajiye shi a inuwa, kada ka riƙa zuƙe shi ƙarƙaf.