Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Rancen Korona da Ƙananan 'Yan Kasuwar Tsiraru a Amurka

Ranar 3 ga Afrilu, 2020, bankunan Amurka suka fara karɓar takardun neman rancen PPP, wanda majalisar dokokin ƙasar ta ware wa dala biliyan 349 domin ƙananan masu sana'a su ci gaba da biyan albashi lokacin kullen korona. Ranar 16 ga watan kuɗin suka ƙare, cikin kwana 13 ke nan. Masu sana'ar da suke aiki su kaɗai, irin su mai kitso, direban tasi, tela da mai tebur a kasuwa, ba a buɗe musu ƙofa ba sai ranar 10, lokacin da layi ya riga ya yi nisa. Manyan bankuna kuwa sun fara ne da waɗanda suke da tsohuwar hulɗar bashi da su. A haka kamfanin abinci na Shake Shack ya samu dala miliyan 10, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles Lakers ta samu miliyan 4.6, sai da jama'a suka yi ca a kansu suka mayar. A daidai wannan lokacin, binciken Robert Fairlie, masanin tattalin arziki da yake Jami'ar California ta Santa Cruz a wancan lokaci, ya nuna cewa daga Fabrairu zuwa Afrilu baƙaƙen fata masu sana'ar da ke kan aiki sun ragu da kashi 41 cikin 100, 'yan asalin Latin Amurka da kashi 32, baƙin da aka haifa a ƙasashen waje da kashi 36, fararen fata kuma da kashi 17. Mu da aikinmu shi ne zama da ƙananan 'yan kasuwa muna duba musu littattafai, har yanzu wannan al'amari bai bar ranmu ba, domin yawancin asarar an shuka ta ne shekaru kafin cutar ta zo.

Abin da ya fi ciwo yana cikin lissafin. Mai sana'ar da ba shi da ma'aikaci, ana duba ribar da ya rubuta a layi na 31 na takardar harajinsa ta Schedule C ta shekarar 2019, a raba 12, a ninka da 2.5, iyakarsa dala 20,833. Wanda ya rubuta ribar dala 2,400 a shekara, rabonsa dala 500. Wanda ya rubuta sifili ko asara, ba shi da ko sisi. To, wa ya rubuta masa sifilin? Sau da yawa wani ne mai kwamfuta a bayan shagon aika kuɗi, wanda ya yi suna a unguwa da cewa “yana rage haraji”, ya cika takarda da kashe-kashen ƙarya, ya karɓi ladansa a hannu, ya ƙi sa hannu ya ƙi sa lambarsa ta PTIN ta masu cika wa mutane takardun haraji. Mai shago ya tafi gida yana murna ya tsira da 'yan ɗaruruwa. Da ranar wanka ta zo, takardar da ya sa wa hannu ita ce ta shaida cewa sana'arsa ba ta kawo komai. Sai a watan Maris 2021 gwamnati ta yarda a yi lissafi da jimillar cinikin da ke layi na 7, bayan an sha wahalar kusan shekara guda, kuma ba a waiwayi waɗanda suka riga suka karɓi ɗan abin da suka karɓa ba. Wasu ma ba su kai ga wannan matakin ba. Cinikinsu duk a hannu yake, kuɗin shago da na cefane da na aikawa gida a aljihu ɗaya, babu asusun banki na sana'a, yaran shago ana sallamarsu da tsabar kuɗi ba tare da rubutu ba. Wannan sakaci ne, kuma dole a kira shi da sunansa.

Masu cika takardun bogin nan ba su tsaya a nan ba. Da aka sake zuba dala biliyan 310 a ƙarshen Afrilu, sai suka rikiɗe suka zama dillalan rance, suna yankar kaso daga kuɗin mutane, alhali ƙa'idar shirin ta ce ladan wakili daga hannun mai ba da rancen zai fito, ba a karɓar ko kwabo daga mai nema. Wasu suka ƙirƙiro wa mutane Schedule C na jabu mai ribar da ba a taɓa samu ba. A Yuni 2023 babban mai binciken hukumar kula da ƙananan sana'o'i ta SBA ya ƙiyasta cewa sama da dala biliyan 200 na rancen PPP da wani rancen korona mai suna EIDL akwai alamar zamba a cikinsu. An wallafa sunayen waɗanda suka karɓi PPP a intanet tun Disamba 2020, kuma a Agusta 2022 aka tsawaita wa'adin gurfanar da masu zambar zuwa shekara 10. Sunan da ke kan takardar na mai shago ne. Dillalin ya sauya lambar waya tuni.

Za a ce ina ɗora wa wanda aka zalunta laifi, cewa matsalar wariyar launin fata ce a bankuna. Akwai gaskiya mai nauyi a nan, ba kuma na rage mata komai. Wata ƙungiyar fafutuka mai suna NCRC ta tura baƙaƙe da fararen fata masu bayanan kuɗi kusan iri ɗaya zuwa bankunan yankin Washington a 2020, ta tarar ba tarba ɗaya aka yi musu ba. Binciken Sabrina Howell ta Jami'ar New York da abokan aikinta ya nuna baƙaƙen fata sun fi samun rancen ta hannun kamfanonin da na'ura ke tantance takarda, inda ba a ganin fuskar mai nema. Amma a lura da abin da wannan sakamakon yake nufi. Ko da aka cire ma'aikacin banki mai son zuciya, na'urar takarda take nema, kuma mutum biyu da aka nuna wa bambanci iri ɗaya, mai takardu a shirye ya koma wata ƙofar ya samu, maras takardu ya koma gida. Yaƙi da wariya aikin kotu ne da majalisa da masu fafutuka, yana ɗaukar shekaru. Gyaran littafin shago aikin mako biyu ne, kuma a nan ne jami'a take da abin yi da hannunta.

Kayan aikin suna nan tun da daɗewa. Tun wata doka ta 1980 ake da cibiyoyin SBDC masu taimaka wa ƙananan sana'o'i, kusan 1,000 a faɗin ƙasar, yawancinsu a ƙarƙashin jami'o'i da kwalejoji, suna ba da shawara ɗaya-da-ɗaya kyauta. A New York akwai ɗaya a Kwalejin Lehman da ke Bronx, akwai ta Jami'ar Columbia da ke kula da unguwar Harlem. Tsangayoyin shari'a da dama suna da asibitin shari'a inda ɗalibai, ƙarƙashin kulawar lauyoyi, suke yi wa kamfani rajista, su duba yarjejeniyar hayar shago, su tsara wa ƙungiya kundin tsarinta ba tare da biya ba. Tambayar ita ce me ya sa mai kitso a titi na 116 a Harlem ba ta san da su ba, amma ta san mai kwamfutar nan. Amsar ba ta yi mana daɗi. Shi yana jin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Wolof, yana buɗe har dare, ana haɗuwa da shi a masallaci ran Juma'a. Mu ma'aikatan irin waɗannan cibiyoyi kuwa muna zaune a hawa na uku na ginin da sai an nuna katin shaida a ƙofa, muna tashi ƙarfe biyar, muna shirya taron bita kan tsarin kasuwanci na shekara biyar ga mutumin da bai raba kuɗin shago da na gida ba. 'Yan kasuwar Afirka ta Yamma, har da Hausawa da Zabarmawan Nijar da Paul Stoller ya yi shekaru yana nazarin rayuwarsu, suna Harlem tun kafin magajin garin New York Giuliani ya tashe su daga titi na 125 a Oktoba 1994, aka mayar da su kasuwar Malcolm Shabazz. Shekara 26 tsakanin wannan da korona sun isa a ce an san juna. Gwamnati ma ta amsa wannan giɓin a fakaice lokacin da ta ware dala miliyan 100 a 2021 domin shirin Community Navigator, wato a biya ƙungiyoyin da jama'a suka riga suka amince da su su zama 'yan rakiya.

Wasu kuma cewa suke jami'a ba abar yarda ba ce, taimakon nata wanke suna ne. Mutanen Harlem suna da hujjar faɗin haka. Ba su manta da rigimar 1968 kan ɗakin motsa jikin da Columbia ta so ginawa a Morningside Park ba, sun kuma ga yadda aka yi amfani da ikon gwamnati na karɓe fili wajen faɗaɗa jami'ar a kan eka 17 na Manhattanville. Sai dai wannan tarihin dalili ne na zuwa a karɓa. Yarjejeniyar da Columbia ta sa wa hannu da unguwar a 2009 ta ƙunshi asusun dala miliyan 76 domin amfanin jama'ar Harlem ta Yamma, cibiyoyin SBDC kuma da kuɗin haraji ake tafiyar da su, har da harajin mai tebur. Wanda ya ƙaurace saboda fushi ya bar haƙƙinsa ne ga wanda ya fi shi sanin hanya. Akwai kuma batun kuɗin ruwa, wanda masu ba da shawara da yawa suka yi wa riƙon sakainar kashi. Rancen PPP a lokacin ana yafe shi in an kashe ta hanyar da aka gindaya, abin da ba a yafe ba yana ɗauke da ruwan kashi 1 cikin 100. Ga Musulmi wannan tambaya ce ta gaske, kuma cibiyar da ba ta zauna da limaman unguwa ta yi musu bayanin sharuɗɗan yafewar ba, ta bar mutane cikin shakka har ƙofa ta rufe ranar 31 ga Mayu, 2021.

Ga mai sana'a maganar gajera ce. Ka buɗe asusun sana'a daban. Ka rubuta cinikinka na gaskiya, ko da harajin zai ciji. Duk wanda ya cika maka takarda ya ƙi sa hannunsa da lambarsa, ka karɓi takardunka ka fita. Kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka ba. Ka je cibiyar jami'a yanzu da babu gobara, a san fuskarka.

Ƙungiyoyin sa-kai su ma ba su tsira ba, kuma nasu sakacin ya fi ba da haushi domin gyaransa na minti kaɗan ne. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, na taimakon gawa, na makarantun ƙarshen mako, da yawa sun sha wahalar samun matsayin 501(c)(3) da ke ɗauke musu biyan haraji, sannan suka jefa takardar a durowa. Wata doka ta 2006 ta ce duk wadda ta yi shekara uku a jere ba ta miƙa rahoton shekara ba, matsayinta ya faɗi da kansa, kuma a Yuni 2011 hukumar haraji ta IRS ta fitar da sunayen kusan 275,000 da suka rasa shi. Masallatai da coci-coci ba a wajabta musu wannan rahoton ba, shi ya sa shugabannin ƙungiyoyin da ke taro a harabar masallaci suke zaton su ma haka ne. Ƙungiyar da kuɗin shigarta bai wuce dala 50,000 a shekara ba, fom 990-N kawai za ta cika a intanet, kyauta, tambayoyi takwas. Sakatare ya sauya, sabon bai san da zancen ba, sai ranar da aka je neman tallafin wata gidauniya a ji cewa sunan ƙungiyar yana jerin waɗanda aka soke, a koma cika sabuwar takardar nema da biyan sabon kuɗi, wa'adin tallafin kuma ya wuce.