Darasi: Yadda Kifin Ado Ya Kutsa Cikin Dokar Cif Ɗin Waya A Amurka

Na san wani zai ga kanun nan ya ce me ya haɗa kifi da kaska. To ka ɗan yi haƙuri ka karanta, domin a shekarar 2022 an haɗa kifi da cif ɗin waya a cikin ƙudirin doka guda, kuma cikin mutanen da suka tayar da ƙura a kai akwai masu ajiye kifi a cikin akwatin gilashi a falonsu. Makaminsu kuwa bai wuce irin wayar da ke hannunka yanzu ba.

Cif shi ne ɗan ƙaramin ɓallen da ke zaman ƙwaƙwalwar waya. Idan ka ji an ce wayar Tecno ko Infinix tana ɗauke da MediaTek Helio, ko wata Samsung tana da Snapdragon, to shi ake nufi. Daga 2020 zuwa 2022 duniya ta shiga ƙarancinsa saboda annobar korona, har kamfanonin motoci suka riƙa tsayar da aiki. Amurka ta duba ta ga cewa cif mafi inganci a Taiwan da Koriya ta Kudu ake yin sa, sai ta ƙudura zuba kuɗi don a dawo da masana'antar gida. Ranar 4 ga Fabrairu 2022 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin da ake kira America COMPETES, mai kusan shafi 3,000. A can cikin tsakiyarsa, a sashe na 71102, an cusa gyaran wata tsohuwar doka da ta shafi shigo da dabbobi masu rai, har da kifi.

Tsohuwar dokar da abin da aka so a canza

Sunanta dokar Lacey, an kafa ta a 1900, an kuma sa mata sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, John Lacey na jihar Iowa. Wani ɓangarenta ya bai wa hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ikon ayyana wata dabba a matsayin mai cutarwa. Da zarar an ayyana ta, shigo da ita ƙasar da rai ba tare da izini ba laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari na wata shida.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar rigimar ita ce ka tuna yadda kake sarrafa kira a wayarka. Akwai tsarin da kowa zai iya kiran ka, sai lambar da ka toshe da kanka. Akwai kuma tsarin da babu kiran da zai shigo sai na wanda ka adana lambarsa. Dokar Lacey a tsarin farko take tafiya: kowane kifi yana shiga, sai wanda aka sa a jerin haramtattu. Gyaran 2022 ya so a koma tsari na biyu. Duk nau'in da ba a shigo da shi da ɗan yawa ba a cikin shekara guda kafin dokar ta fara aiki, za a ɗauke shi haramtacce har sai hukuma ta bincika ta wanke shi. An kuma so a ba hukumar ikon haramta dabba nan take na tsawon shekara uku idan ta ga gaggawa, sannan a hana ketare iyakar jiha zuwa jiha da duk dabbar da ke jerin. Wannan na ƙarshen martani ne ga hukuncin wata kotun ɗaukaka ƙara a Afrilun 2017, inda ƙungiyar masu kiwon macizai da ƙadangaru ta USARK ta yi nasara, kotu ta ce dokar ba ta hana jigila tsakanin jihohi 49 na babban yankin ƙasar ba.

Me ya sa gwamnati ke tsoron ɗan kifi?

Kar ka ɗauka ƙeta ce kawai. Ga abin da zai ba ka mamaki: tarwaɗar da ake gasawa a bakin titi a Kano da Kaduna, haramun ce a shigar da ita Amurka da rai. A shekarun 1960 aka kai wata 'yar uwarta daga Asiya zuwa jihar Florida don kasuwar kifin ado. Ta kuɓuce daga gonakin kifi, kuma da yake tana iya shaƙar iska ta ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wannan kududdufi zuwa wancan, ta bazu a kudancin jihar. Shi ya sa aka haramta dangin tarwaɗa baki ɗaya, fiye da shekara hamsin ke nan.

A 2002 kuma wani mai kamun kifi ya ciro wani baƙon kifi mai kan maciji a wani tafki da ke garin Crofton na jihar Maryland. Bincike ya nuna wani mutum ne ya sayo guda biyu da rai a kasuwa a New York, ya ajiye su a gida, da suka yi masa girma ya juye su a tafkin. Hukuma ta zuba guba ta kashe duk kifin da ke ciki, aka haramta danginsa a watan Oktoba na shekarar, amma zuwa 2004 sai ga shi a kogin Potomac da ya ratsa birnin Washington.

Wanda ya fi su ɓarna shi ne kifin da Turawa ke kira kifin zaki, mai ratsin ja da fari da ƙayoyi masu dafi. Asalinsa tekun Indiya da Fasifik ne. An fara ganin sa a gaɓar Florida a 1985, kuma masana sun fi karkata ga cewa masu ajiye shi a gida ne suka sake shi. Mace ɗaya kan zuba ƙwai kusan miliyan biyu a shekara, ga shi babu mai cin sa a can, don haka ya mamaye tekun Karibiyan yana lamushe ƙananan kifaye. Florida ta hana shigo da shi da rai a 2014, bayan aikin gama ya gama. Hujjar masu goyon bayan gyaran ke nan: tsarin toshe lamba yana jira ne sai ɓarawo ya kwashe kaya sannan a kulle ƙofa, domin sa nau'i ɗaya a jerin yakan ɗauki shekaru.

Abin da masu kifin suka yi

Ƙungiyar USARK da ƙungiyar 'yan kasuwar dabbobin gida ta PIJAC, wadda ta koma Pet Advocacy Network a wannan shekarar, su ne suka zaƙulo sashen suka fassara shi da harshen da kowa zai gane. Daga nan masu tashoshin kifi a YouTube suka ɗauka, aka yi ta yaɗa lambobin ofisoshin sanatoci a Facebook da Instagram, ana koya wa mutane yadda za su kira ko su tura imel: ka faɗi jihar da kake zaɓe, ka ambaci lambar sashen, ka faɗi yadda zai shafe ka, ka yi godiya ka ajiye waya. Sun mayar da hankali kan Majalisar Dattawa ne saboda nata ƙudirin, wanda ta amince da shi tun Yunin 2021, ba shi da wannan gyaran, kuma dole majalisun biyu su daidaita kafin a kai wa shugaban ƙasa.

Hujjojinsu ba na banza ba ne. Nau'in kifin da ke yawo a kasuwar ado dubbai ne, kuma mafi yawansu na ƙasashe masu zafi ne da ba za su kwana ɗaya a ruwan ƙanƙarar Minnesota ba. Don me za a hana ɗan Minnesota abin da Florida kaɗai yake yi wa barazana, alhali Florida na da nata dokokin? Sannan suka ce jerin izini zai fi kashe nau'ukan da ba su da yawa a kasuwa, waɗanda su ne masu sha'awa na gaske ke rainon su. Akwai misali mai ƙarfi a nan: wani ɗan kifi mai jan wutsiya da ake kira tekila ya ɓace daga kogin Teuchitlán na ƙasar Meziko, amma ya rayu a cikin akwatunan gilashi a Turai. Daga zuriyar waɗanda gidan zu na Chester da ke Ingila ya bayar aka hayayyafa shi a jami'ar Michoacán, aka mayar da shi koginsa.

Ranar 9 ga Agusta 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar CHIPS, wadda ta ware kusan dala biliyan 52 don masana'antar cif. Gyaran dokar Lacey ba ya ciki. Ƙungiyoyin sun yi murna sun ce nasararsu ce. A ganina rabin gaskiya ke nan, domin majalisun sun gaza daidaita manyan ƙudirorin biyu, sai suka yanke abubuwa da yawa suka bar batun cif da binciken kimiyya. Abin da kiraye-kirayen suka yi shi ne sun mayar da sashen kaya mai nauyi da ba wanda yake son ɗauka. Kuma ba karon farko ba ne, an yi irin wannan a 2009 da ƙudirin H.R. 669 na 'yar majalisa Madeleine Bordallo ta tsibirin Guam, shi ma ya mutu a kwamiti bayan masu dabbobin gida sun yi masa ca.

Majalisa daban, hukuma daban

Nan ne ainihin darasin. Ɗan majalisa ƙuri'a yake ƙirgawa, don haka yawan kira yana tasiri a kansa. Amma mafi yawan ƙa'idojin kifi hukumomi ne ke tsara su, kuma a can lissafin ya sha bamban. Wata doka ta 1946 ta wajabta wa hukumomin tarayyar Amurka su wallafa ƙa'idar da suke shirin kafawa, su ba jama'a lokaci su yi sharhi, su kuma amsa muhimman batutuwan da aka tayar. Tun 2003 ana yin haka ta intanet a shafin Regulations.gov, kuma daga waya ma ana iya rubutawa.

Sharhin nan ba zaɓe ba ne. Mutum dubu goma su kwafi saƙo ɗaya su liƙa, hukuma za ta amsa shi sau ɗaya ne. Masu bibiyar fasaha za su tuna abin da ya faru a 2017, lokacin da hukumar sadarwa ta FCC ta karɓi sharhi sama da miliyan 22 kan dokar daidaita intanet, daga baya ofishin babban lauyan jihar New York ya gano kusan miliyan 18 na bogi ne. Sharhin da ke motsa hukuma shi ne mai ɗauke da abin da ba ta sani ba: shekara nawa ka yi kana kiwon kifin, a wane zafin ruwa yake mutuwa, daga gona ka saye shi ko daga teku aka kamo shi.

An ga haka a 2023 kan kifin Banggai, ɗan ƙarami mai ratsin baƙi da fari da ba a samun asalinsa sai a kewayen wasu tsibiran Indonesiya. Namijin ne ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma kaɗan ne, shi ya sa yawan kamu ya yi masa illa har Amurka ta sa shi a jerin masu fuskantar barazana a 2016. Hukumar kula da teku ta NOAA ta gabatar da shawarar hana shigo da shi da fitar da shi gaba ɗaya. Masu kare muhalli suka goyi baya, masu kiwo kuma suka shiga shafin suna cewa a bambanta na teku da wanda ake hayayyafawa a gonaki, domin na gonar ne ke rage matsin lamba a kan na tekun. Ka ga wannan gardama ce ta hujja da hujja, ba ta wa ya fi yawan mabiya ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba duk mai ihu a bidiyo ne yake kare kifi ba. Wani shagonsa yake karewa, kuma a 2022 an yi ta yaɗa cewa za a zo a ƙwace wa mutane kifinsu na gida, abin da sashen bai ce ba. Kuma kifin zakin nan dai daga hannun masu sha'awar ya fito. Shi ya sa masu hankali a cikinsu suke aiki tare da hukuma: tun 2004 akwai gangamin Habitattitude na 'yan kasuwa da gwamnati da ke roƙon mutane kada su saki kifi a kogi, su mayar wa shago ko su ba wani. Akwai kuma manhajoji irin su iNaturalist da IveGot1 ta Florida, inda za ka ɗauki hoton baƙon kifi, wayar ta haɗa da wurin da kake ta GPS, masana su gani tun kafin ya yaɗu.

Ta ina ya shafe mu?

Najeriya na cikin ƙasashen Afirka da ke fitar da kifin ado ta Legas. Minjirya da masuntanmu ke gudun taɓawa saboda jan wutarta tana da masu saye a waje. Haka ma kifin nan mai dogon haɓa kamar haurin giwa na kogin Neja, wanda ke gano hanya a cikin ruwa mai duhu da 'yar wutar lantarkin da jikinsa ke fitarwa, da wasu ƙananan kifaye masu launi na rafukan kudu da kan iyakar Kamaru. Da gyaran 2022 ya wuce, sanannun irin su mai haurin giwa za su iya tsallakewa saboda sun daɗe a kasuwa. Amma ɗan kifin da masunci ya kamo a wani rafi a Kuros Riba, wanda ba a kai shi Amurka a shekarar da ta gabata ba, zai tsaya a bakin ƙofa sai an yi masa bincike, kuma ba masuncin ne zai iya biyan kuɗin bin takardun ba. Marco Rubio, sanatan Florida a lokacin, wanda ya gabatar da irin wannan gyaran a 2021, ya sake kawo shi gaban Majalisar Dattawa a 2023.